Direban ya harhaɗu a wajenka, amma da wane saiti?

Fayil ɗin C na direba (manhajar da ke sarrafa wata na'ura) guda ɗaya ne, amma abin da kompaila ke gani a cikinsa ya danganta da abin da aka rubuta a `.config`, fayil ɗin saitin gina kanel, kuma alamomin Kconfig (tsarin da ke ayyana zaɓuɓɓukan wannan saiti) da ke cikin kanel ɗin Linux sun haura dubu goma nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta direba ya ga ya harhaɗu a kwamfutarsa, saiti ɗaya tak ya gwada, kuma shi ne mafi sauƙi, domin duk abin da direban ke buƙata a kunne yake tun da da shi aka yi aikin. Kurakuran da ke ɓullowa bayan an karɓi faci, wato gyaran kod da aka aika, suna can inda wani ya kashe `PM_SLEEP`, ko ya mai da I2C modul (yankin da ake ginawa daban a loda daga baya) ya bar direbanka a cikin jikin kanel, ko ya harhaɗa wa furosesa mai bit 32. Wasu suna tsayar da ginin da ihu, waɗannan masu sauƙi ne. Waɗanda suka fi damuna su ne masu wucewa salin-alin, kanel ya ginu, ya tashi, amma wani yanki na direban babu shi a ciki.

Harafin m

A nan gizo ke saƙar. Alama mai nau'in `tristate` tana da matsayi uku: n (a kashe), m (modul) da y (cikin jikin kanel), kuma Kconfig yana lissafa su a matsayin 0, 1 da 2. Idan an haɗa biyu da `&&` ƙaramar ake ɗauka, da `||` babbar, shi kuma `!` yana cire ƙimar daga 2 ne. Ke nan `!m` daidai yake da m. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lokacin gini, ana juya `.config` zuwa `include/generated/autoconf.h`. Ɗauki HWMON, sashen da ke karanta ma'aunai irin na zafi: idan HWMON=y, za a rubuta `#define CONFIG_HWMON 1`. Idan kuwa HWMON=m, abin da za a rubuta shi ne `CONFIG_HWMON_MODULE`, babu `CONFIG_HWMON` ko kaɗan. Don haka duk kod ɗin da aka lulluɓe da `#ifdef CONFIG_HWMON` zai ɓace da zarar HWMON ya zama modul, kuma kompaila ko tari ba zai yi ba. Mai rubutu yana gwaji da y, komai na aiki. Masu rarraba Linux kuwa modul suke mai da kusan duk abin da zai iya zama modul, sai masu amfani su nemi ma'aunin zafin na'urar su rasa.

Maganin farko shi ne `IS_ENABLED(CONFIG_HWMON)` daga `include/linux/kconfig.h`, wanda ke zama gaskiya a y da m duka. Sai dai an gudu ba a tsira ba. A ce direbanka y ne, HWMON kuma m. Yanzu kod ɗin zai shiga, zai kira `devm_hwmon_device_register_with_info`, amma wannan fankshin yana cikin modul ɗin da ba a loda ba tukuna, kuma jikin kanel ba shi da ikon jingina da modul. Harhaɗa fayil ɗin zai wuce lafiya, sai a ƙarshe wajen haɗa `vmlinux`, fayil ɗin jikin kanel, a ga `undefined reference to`. Gyaran ba a C yake ba, a Kconfig yake:

```
config SENSA_MISALI
	tristate "Sensar misali"
	depends on I2C
	depends on HWMON || !HWMON
```

Layin ƙarshe yana kama da maganar banza ga wanda bai saba ba, har wasu kan goge shi da sunan gyara. Lissafa shi ka gani. HWMON=y: babbar tsakanin 2 da 0 ita ce 2, direban na iya zama y. HWMON=n: nan ma 2. HWMON=m: duka ɓangarorin 1 ne, don haka direban ba zai wuce m ba. Haɗin da ke fasa ginin kaɗai aka toshe. Wasu suna rubuta `HWMON || HWMON=n`, ma'anar ɗaya ce. Ka sa masa ɗan sharhi a sama saboda mai zuwa bayanka.

Akwai kuma `IS_REACHABLE()`, wanda ke zama ƙarya idan direban y ne abin dogaron kuma m. Yana kawar da kuskuren haɗawa, amma a ganina kitso ne da ƙwarƙwata a yawancin wurare: mutum ya kunna abubuwan biyu da hannunsa, ginin ya wuce, aikin da yake so kuma an zubar da shi ba tare da an faɗa masa ba. Gara Kconfig ya hana haɗin tun farko.

Tarkon da ya fi wannan ɓuya shi ne ƙaramin zaɓi mai nau'in `bool` a ƙarƙashin direba. A ce akwai `SENSA_MISALI_LEDS`, `bool`, da `depends on SENSA_MISALI && LEDS_CLASS`. Idan LEDS_CLASS=m, sakamakon sharaɗin m ne, amma `bool` bai san m ba, sai Kconfig ya ɗaga shi zuwa y. Direban yana cikin kanel, zaɓin a kunne, ajin LED kuma yana waje: an koma `undefined reference`. Abin da ake rubutawa shi ne `depends on LEDS_CLASS=y || LEDS_CLASS=SENSA_MISALI`, wato ko dai ajin yana cikin kanel, ko su biyun matsayinsu ɗaya. Direbobin da ke aiki a kan I2C da SPI cikin modul guda suna da irin wannan matsalar, shi ya sa aka ƙirƙiri alamomin taimako irin `SND_SOC_I2C_AND_SPI` da `RTC_I2C_AND_SPI`. Idan sashen da kake aiki yana da irinsu, da su za ka dogara.

select ba ya tambayar kowa

`depends on` yana cewa kada a nuna ni sai an kunna wancan. `select` kuwa kunna wancan yake yi da ƙarfi, ba tare da duba abubuwan da shi wancan ɗin ya dogara da su ba. Ɗauki `REGMAP_I2C`, alama ce ɓoyayyiya da ba ta fitowa a menu, kuma ta dogara da I2C. Direban da ya yi `select REGMAP_I2C` bai rubuta `depends on I2C` ba, ranar da aka kashe I2C zai jawo wannan:

```
WARNING: unmet direct dependencies detected for REGMAP_I2C
  Depends on [n]: I2C [=n]
  Selected by [y]:
  - SENSA_MISALI [=y]
```

Gargaɗin yana fitowa ne lokacin da ake shirya saiti, layi huɗu da dubban layukan gini ke binnewa nan take. Can daga baya ginin zai fashe a cikin `regmap-i2c`, fayil ɗin da ba naka ba, sai a tafi neman laifi inda babu shi. Layin `Selected by` shi ke nuna mai laifin. Duk wanda ya yi `select` ga alama, wajibi ne ya ɗauki duk sharuɗɗanta ya sa a kansa, kuma a taƙaita `select` ga alamomin da ba a gani a menu, irin ɗakunan karatu na ciki kamar regmap da CRC32. Idan wasu direbobi suna yi wa alama `depends on` kai kuma ka yi mata `select`, wata rana za a wayi gari da `recursive dependency detected`, kuma warware wannan zaren yakan taɓa fayilolin Kconfig na mutane da yawa.

Juyin wannan kuskuren ya fi yawa: a manta `select REGMAP_I2C` ɗungurungum. A saitin yau da kullum ba za a taɓa gani ba, saboda wani direban daban ya riga ya kunna ta. Sai an gina kanel ɗin da babu wani direban da ya kunna ta sannan modpost, matakin da ke duba modul a ƙarshen gini, zai ce `"__devm_regmap_init_i2c" [...] undefined!`.

Sunan da babu shi

Kconfig ba ya ƙorafi idan ka ambaci alamar da ba a taɓa ayyanawa ba. Yana ɗaukarta n ne ya wuce. Wanda ya rubuta `depends on CONFIG_I2C` a fayil ɗin Kconfig, inda ba a sa gabacin `CONFIG_`, ya ɗaure direbansa da alamar da babu ita, direban ba zai taɓa bayyana a menu ba. A C akasin haka ne, `#ifdef HWMON` ba tare da gabacin ba ƙarya ne har abada. A Makefile, `obj-$(CONFIG_SENSA_MISAL) += sensa.o` da harafi ɗaya ya faɗi zai koma `obj-` kawai, jerin da ba a gina komai daga cikinsa. Kanel yana kunna `-Wundef`, wanda ke kama `#if CONFIG_X` idan X ba a ayyana ba, amma `#ifdef` da `IS_ENABLED()` an yi su ne don su jure rashin ayyanawa, don haka kuskuren rubutu a cikinsu shiru kake ji.

Akwai kayan aiki na musamman a cikin bishiyar kanel don wannan:

```
./scripts/checkkconfigsymbols.py --commit $(git rev-parse HEAD)
./scripts/checkkconfigsymbols.py --diff v6.1..v6.2
```

Yana tattara duk inda aka ambaci alama a C, Makefile da Kconfig, ya kwatanta da waɗanda aka ayyana, ya lissafo marayun tare da fayilolin da suke. Ka adana aikinka a git kafin ka kira shi da waɗannan zaɓuɓɓuka, domin yana sauya matsayin bishiyar yayin aiki, shi ya sa yake ƙin tashi idan akwai gyaran da ba a adana ba. Ya fi amfani ga facin da ya sake wa alama suna ko ya cire ta, inda ake yawan barin tsohon sunan a wani defconfig (fayil ɗin saitin farko) ko a cikin wani `#ifdef` na nesa.

Sunan na iya zama daidai amma sharaɗin ya zama wanda ba zai taɓa cika ba, misali `#ifdef CONFIG_A` a cikin fayil ɗin da ba a gina shi sai an kashe A. Masu bincike a jami'ar Erlangen ta Jamus sun yi wa irin wannan manhajar Undertaker. Amma ga direba guda, hanyar hannu ta wadatar: ka sa `#error gwaji` na ɗan lokaci a cikin reshen da kake shakka, ka gina. Idan ginin ya wuce lafiya, kompaila bai taɓa ganin wannan reshen ba. Ko ka kira `make drivers/hwmon/sensa.i` ka karanta abin da ya rage bayan an tace.

Yadda za a gwada

`allmodconfig` da `allyesconfig` suna da amfani, amma ka san iyakarsu. Na farko yana mai da duk abin da zai yiwu m, na biyu y. Babu ɗayansu da ke kashe abin da kake dogaro da shi, babu kuma mai ba ka direba y a kan tushe m. Kurakuran da muka yi magana a kansu a sama duk suna tsallake su. Dole a shirya haɗe-haɗen da gangan.

Fara da mafi ƙanƙanta. Rubuta ɗan fayil, a ce `kadan.config`, da `CONFIG_MODULES=y`, `CONFIG_I2C=y`, `CONFIG_SENSA_MISALI=y` da duk menu na sama da ake buƙata, sannan:

```
make O=gini/kadan KCONFIG_ALLCONFIG=$PWD/kadan.config allnoconfig
grep SENSA_MISALI gini/kadan/.config
make O=gini/kadan W=1 -j8
```

Kada ka tsallake `grep` ɗin nan. Idan wani sharaɗi bai cika ba, Kconfig zai jefar da buƙatarka ba sanarwa, ka gina kanel ɗin da direbanka ba ya ciki, ka ga babu kuskure, ka yi murna. Haka abin yake da `scripts/config --enable`, wanda rubutun fayil kawai yake gyarawa, sai `make olddefconfig` ya zo ya soke abin da bai halatta ba. Idan ka rasa dalilin sokewar, buɗe `menuconfig`, danna `/`, rubuta sunan alamar, zai nuna maka kowane sharaɗi da ƙimarsa ta yanzu. `scripts/kconfig/merge_config.sh` ya fi kyau ta nan, domin yana faɗin ƙimar da aka nema amma ba ta shiga `.config` na ƙarshe ba.

Daga nan, ga kowane abin dogaro na zaɓi, ka bi matsayi uku nasa da biyu na direban: haɗi shida. Wanda Kconfig ya ƙi amincewa da shi ya fita, sauran a gina su har ƙarshe. Ina nanata har ƙarshe, saboda `make drivers/hwmon/sensa.o` ba ya haɗa `vmlinux` kuma ba ya kiran modpost, alhali a can ne `undefined` ke fitowa. Tunda kanel ɗin ƙarami ne, kowane zagaye 'yan mintoci ne.

Gini a matsayin modul yana da nasa laifuffukan da y ke rufewa. Fankshin ɗin da aka manta yi masa `EXPORT_SYMBOL_GPL` yana aiki sumul a cikin jikin kanel, ya ƙi a modul. `module_init` biyu a fayiloli biyu da aka haɗa su modul ɗaya suna karo da juna. Rashin `MODULE_LICENSE` yana tsayar da modpost. Rashin `MODULE_DEVICE_TABLE` kuwa ba ya tsayar da komai, modul ɗin dai ba zai lodu da kansa ba idan an ga na'urar, kuma `modinfo` zai nuna babu layukan `alias`. A ɗaya ɓangaren, fankshin mai alamar `__exit` ana zubar da shi idan direban y ne, don haka `.remove` da ke nuni gare shi kai tsaye yana jawo ƙorafin sashe daga modpost ko kuskuren haɗawa.

Sai nau'in furosesa. Raba lambar `u64` da alamar `/` yana wucewa a x86 mai bit 64, amma a bit 32 kompaila zai nemi `__udivdi3`, a ARM kuma `__aeabi_uldivmod`, kanel kuwa da gangan ba ya samar da su. Ana amfani da `div_u64()` ko `div64_u64()` daga `linux/math64.h`. `readq()` da `writeq()` ma babu su a yawancin furosesoshi masu bit 32 sai an sa heda irin `linux/io-64-nonatomic-lo-hi.h`, kuma wannan sai an tabbatar na'urar ta yarda a karanta rajistarta rabi-rabi. `ARCH=i386` ya ishi kama yawancin waɗannan ba tare da sabon kompaila ba. Da clang, `LLVM=1 ARCH=arm` yana yin aikin da kompaila guda. Ya kamata ka rubuta `depends on ARCH_WANI || COMPILE_TEST` don wasu su iya gwada maka. 

`randconfig` shi ne na ƙarshe, don abin da hankalinka bai kai ba. Ka haɗa shi da `KCONFIG_ALLCONFIG` domin direban ya samu shiga, in ba haka ba yawancin zagayen za su tafi a banza. Yana buga `KCONFIG_SEED`, amma wannan lambar tana maimaita saitin ne kawai idan bishiyar da kompaila ba su canza ba, don haka `.config` ɗin da ya fashe shi za ka ajiye. `scripts/diffconfig` zai nuna bambancinsa da saitin da ya ginu.

Rage #ifdef

Duk reshen da `#ifdef` ya ɓoye, kompaila bai duba shi ba. Shi ya sa takardar salon rubutun kanel ta fi son `if (IS_ENABLED(CONFIG_X))` a cikin C: ana tantance kod ɗin a kowane saiti, sannan a zubar da shi idan ba a buƙata. Sharaɗin kawai shi ne sanarwar fankshin ɗin da ake kira ta kasance a bayyane ko da alamar a kashe take.

Sarrafa wuta shi ne wurin da aka fi shan wahalar wannan. Da tsohon `SIMPLE_DEV_PM_OPS`, idan aka kashe `PM_SLEEP` babu mai nuni ga fankshin ɗin barci da na farkawa, sai a sami `defined but not used`. Tun da aka kawo `CONFIG_WERROR` a 5.15, irin wannan gargaɗin yana iya tsayar da ginin wani gaba ɗaya. An daɗe ana rufe shi da `__maybe_unused` ko da `#ifdef` ɗin da sau da yawa ake kuskuren alamarsa, a sa `CONFIG_PM` inda ake nufin `CONFIG_PM_SLEEP`. Daga 5.17 akwai `DEFINE_SIMPLE_DEV_PM_OPS()`, ana haɗa shi da `pm_sleep_ptr()` a wajen `.pm`, kompaila yana ganin komai ya zubar da abin da ba a so da kansa. `of_match_ptr()` da `ACPI_PTR()` suna da irin wannan halin: suna komawa NULL, teburin ya zama ba mai amfani da shi, `W=1` ya yi ƙorafi. A yawancin direbobi cire su ya fi, musamman `of_match_ptr()`, tunda injin ACPI ma na iya daidaita na'ura da teburin `compatible` ta hanyar PRP0001.

Inda `#ifdef` ya dace shi ne heda, wajen fankshin na fanko a reshen `#else`. Nan ma ana yawan tuntuɓe don ba a cika gina reshen ba: a manta `static inline` sai a sami `multiple definition`, ko a canza hujjojin fankshin na gaske a bar na fankon da tsofaffin. Ka kuma duba abin da fankon ke mayarwa. Idan GPIOLIB a kashe yake, `devm_gpiod_get()` kuskure yake mayarwa, `devm_gpiod_get_optional()` kuma NULL, kuma direban da ya ɗauki NULL a matsayin gazawa zai ƙi tashi a inda ya kamata ya yi aiki.

Bayan duk wannan, mai yiwuwa saƙo ya zo daga mutum-mutumin gwajin kanel na Intel, wanda ke gina rassan git da facin da aka aika da saituna barkatai a kan furosesoshi iri-iri. Yana kuma amfani da kismet, daga tarin kmax na Paul Gazzillo, wanda ke gano `select` marar cikakken sharaɗi ta hanyar lissafi ba tare da jiran sa'ar `randconfig` ba. Saƙon yana zuwa da `.config` da sunan kompaila. Ka sauke shi, ka yi `olddefconfig`, ka ga kuskuren da idonka kafin ka taɓa komai. Sannan ka nemo fayil ɗin da ke ayyana alamar da aka rasa, ka duba layin Makefile da ke gina shi, ka ga wace alamar Kconfig ce ke riƙe da shi da ƙimarta a wannan saitin. Idan n ce, `depends on` ko `select` aka rasa. Idan m ce direbanka kuma y, sharaɗin `|| !` ko na `bool` ne ya ɓace. Ka sa kuskuren da haɗin alamomin da ya jawo shi a bayanin facin, tare da layin `Fixes:` da `Reported-by:`, sannan ka sake bin haɗe-haɗen nan shida, domin sabon `select` yana iya buɗe wani ramin a gefe.